Lokacin Kaka a Gidan Yayata

Duk wanda ya karanta littattafan Hausa na firamare ya san yadda ake kwatanta lokacin kaka. Ga manomi da magirbi, ga dammunan gero an jera, ga mata suna sussuka suna shiƙa, ga rumbu an cika shi har baki. Wannan kuwa gaskiya ne, haka abin yake a ƙauyen da ke zaune lafiya. Amma akwai matar da aka haifa a gidan noma, ta tashi da fartanya a hannu, sa'an nan tashin hankali ya kawo ta birni, tana renon 'ya'ya cikin ɗaki biyu na haya, ba rumbu, ba turken akuya. Ita ma kaka tana zuwa mata kowace shekara. Labarin irin wannan mata nake so in ba ku, 'yan'uwana ɗalibai, domin 'ya'yansu ne za su cika mana aji in mun fita.

Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa, sai aka ba ni wata makaranta kusa da Dala, na sauka a gidan yayata. Kada mutumin Kano ya zaci Dalarsu mai dutse nake nufi. Tamu unguwa ce a gefen Maiduguri, cikin ƙaramar hukumar Jere, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, sai rairayi da itatuwan dogon yaro. Mu asalinmu Margi ne, daga wani ƙauye kusa da Lassa, 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka yi sujadarta ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, aka ci Gwoza, har hedkwatar ekklesiyarmu da ke Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, mutanen ƙauyenmu suka watse. Yaya ta faɗo Maiduguri. A nan ta yi aure, a nan ta haifi 'ya'yanta uku: namiji ɗan shekara bakwai, mace 'yar shekara huɗu, da auta wanda yake goye. Mijinta birkila ne, yana kuma da 'yar gonar aro a bayan gari.

Ba ta da agogon bango. Kiran sallar asuba daga masallacin unguwa shi ke tashinta. Ta durƙusa a bakin tabarma ta yi addu'arta a hankali don kada ta ta da yara, sa'an nan ta hura gawayi ta ɗora ruwa. Kafin gari ya waye sosai ta share tsakar gida, ta tare mai tura ruwa ta sayi jarka biyu ko uku, ta dama kunun gyaɗa. Daga nan sai yaƙin wanka. Babban yana neman takalminsa ƙafa ɗaya, ta tsakiya ta ce ita ba za ta sha kunu ba sai a kofin wanta, auta kuwa yana tsala ihu a baya. Duk da haka ba mai fita ƙofa sai an taru an karanta aya guda cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, an yi addu'a. A gida Margi take yi da mijinta, amma da Hausa ake sujada, da ita kuma yaran suke wasa a waje, don haka ita ce ta fi zama a bakinsu.

Wannan aikin kowace rana ne, rani da damina. Abin da kaka take ƙarawa a kai shi ne tanadi. Daga watan Satumba, in ruwa ya fara ɗaukewa, sabon gero ya shigo kasuwa, sai ka ga tsakar gidan Yaya ya zama wurin shanya. A ɗan filin da ke bayan ɗaki ta shuka kuɓewa da yakuwa da karkashi tun farkon damina. Yanzu sai yanka da shanyawa a kan buhu, a bi da korar kajin maƙwabta. Ta tsakiya ce aka naɗa sarkin korar kaji, an ba ta kara, tana kuwa riƙe da sarautar nan da gaske. In kuɓewa ta bushe a daka, a ɗura a gwangwani, a rufe. Barkono da tumatir ma haka, duk sa'ad da suka yi araha. In fara ta shigo, wadda mutanen Maiduguri ba su haɗa ta da komai ba, takan sayo kaɗan ta soya wa yara da yaji.

Hatsi shi ne babbar magana. Kowa ya san farashinsa yakan sauka da kaka, ya yi ta hawa har ya kai ƙarshen tsada a tsakiyar damina, sa'ad da na bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Mai rumbu ba ruwansa da wannan hawa da sauka. Wadda take awo da mudu kuwa, in ba ta saya da kaka ba, ita za ta biya tsadar. Saboda haka Yaya takan shirya tun da wuri, ta roƙi matan da suke adashe tare a ba ta kwasarta a watan Oktoba, ta sayi dawa da wake gwargwadon ƙarfinta. Waken ta zuba a jarka ta toshe bakin sosai, domin in iska ba ta shiga ƙwari ba su rayuwa.

To, ga inda wuyar take. Kuɗin nan guda ɗaya ne, masu jiransa kuwa uku. Hatsi na jira. Makaranta na jira, gama a watan Satumba ake komawa sabuwar shekarar karatu, ga littattafai, ga rigar makaranta da ta yi wa yaro kaɗan. Na uku shi ne zazzaɓi. Ƙarshen damina da farkon kaka lokacin sauro ne, ruwa ya kwanta a kududdufai, zafi kuma ya dawo. Ma'aikatan lafiya sukan bi gida gida da damina, wata wata, suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, Yaya kuwa ba ta taɓa bari ya wuce ta ba, kowa kuma a gidan sauro yake kwana. Amma babban ya wuce shekarun samun maganin. A mako na uku da zuwana jikinsa ya yi zafi da dare, kuɗin da aka ware na mudu goma na dawa ya tafi wurin gwajin jini da magani. Da ya warke na ce mata, "Yaya, yanzu yaya za a yi da awon?" Ta ce, "Malama, ke da kika iya lissafi, ai sai ki gaya mini." Ta yi dariya, ta ɗauko ƙullin gyaɗa ta fara ɓarewa. Washegari ta soma soya gyaɗa tana ƙullawa, tana ajiyewa a bakin ƙofa kan tire. Kafin in bar gidan ta mai da mudu shida daga cikin goman.

Akwai kuma wata damuwa da ba ta cika faɗa ba. Ranar da maigida ya tafi gona yankan dawa, aikinta ba ya sauri. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa ƙofa ta dawo. Duk wanda yake zaune a Jere ya san dalili. A ran 28 ga Nuwamba 2020 manoman Zabarmari suka tafi yankan shinkafa a Koshebe, aka kashe fiye da mutum arba'in a gona. Tun daga ran nan kowace mace da mijinta ya fita girbi tana duban rana. In la'asar ta yi bai dawo ba, sai Yaya ta fara rera waƙar sujada a ƙasa ƙasa tana tuƙa tuwo. Da an ji ƙarar kekensa yara su ruga, ita kuwa ba ta ko ɗaga kai, sai ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Ga ruwa can a baho." Buhu biyu da rabi ya samu a shekarar, mai gona ya karɓi rabonsa.

Ba tashin hankali kaɗai ke ɓata wa mutanen Maiduguri kaka ba. A ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya ci unguwanni da yawa har da Kasuwar Monday, irin abin da ba a gani ba tun 1994. Yaya ta ba ni labari, ta ce iyali biyu daga Gwange suka zo suka zauna a ɗakunan nan nata har mako uku, ɗan abin da ta tanada duk ya ƙare. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sani. Ta ce, "A 2014 wa ya tambaye ni abin da na zo da shi kafin a ba ni tabarma?"

Da dare, in an ci tuwo da miyar yakuwa, lokacin labari ne. Da kaka labari biyu ta fi so. Ɗaya na Yusufu ne a Masar, wanda ya tara hatsi cikin shekara bakwai na ƙoshi saboda shekara bakwai na yunwa, labarin da 'yan'uwanmu Musulmi ma suka sani sarai. Ɗayan na Rut ne, baƙuwar da ta yi kala a gonar Bo'aza don ta ciyar da surukarta. Wata rana tana cikin na Yusufu sai babban ya ce, "Mama, mene ne rumbu?" Yaya ta yi shiru. Ɗan jikan mutumin da yake da rumbu huɗu a gidansa ne yake wannan tambaya. Ba ta ce masa komai ba a daren. Ranar Asabar ta aike shi ya ɗebo yumɓu, suka zauna su uku suka gina ɗan rumbu, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, suka ɗora shi a kan duwatsu uku saboda gara da damshi, suka yi masa jinka da ciyawa. Da ya bushe ta zuba masa gero tafi biyu, ta ce ba mai taɓawa sai ruwan fari ya sauka. Tana ginin tana gaya musu sunan kowane abu da Margi, suna maimaitawa.

Ƙarshen kaka shi ne Lahadin godiya. A ƙauye da dami ake zuwa, wani da akuya, wani da kabewa a ka, a tara a gaban majami'a. A birni yawanci kuɗi ne cikin ambulan. Yaya dai ta ce ita ba za ta je gaban Allah ranar godiyar girbi ba tare da abin da ya fito daga ƙasa ba. Ta auni mudu ɗaya daga dawar maigida, ta ƙulla busasshiyar kuɓewa, ta ɗora wa babban dawar a ka, ta ba ta tsakiya ƙullin. Ita ta sa zanen Zumuntar Mata, auta a baya, aka shiga layi ana kaɗa tulu da caki ana rawa har gaba. Abin da aka tara ranar, aka ce za a raba wa gwauraye da marayu. Da aka dawo gida ta zuba tuwo a kwano ta aika wa Hajiya, maƙwabciyarta Babarbariya, wadda ita ma ba ta taɓa yin salla ba ta aiko da nata ba. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, a Dala kuwa a kan yara take, don su ne masu kai kwanon.

To, me ya sa na kawo wannan labari cikin mujallar kwaleji? Domin zaman nan ya sauya yadda nake duban aji. A darasin lissafi na bar misalin lemo da ke cikin littafi, na ce, "Uwa tana da mudu goma sha biyu, gidan yana cin mudu ɗaya da rabi kowace rana, kwana nawa zai kai su?" Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka ɗaga, domin lissafin da suke ji ke nan kullum a gida. A darasin aikin hannu muka gina rumbu irin na Yaya. Cikin ajin, waɗanda suka taɓa ganin na gaske ba su kai rabi ba, amma washegari da yawa suka zo da labarin da iyayensu suka ba su na garuruwan da suka baro, wani Bama, wani Damboa, wani Gwoza, Musulmi da Kirista. Yaron da ya zo a makare da kaka kuma, ko ya zo ba littafi, yanzu nakan tambaye shi labarin gida tukuna, gama watakila kuɗin littafin ne ya tafi wurin magani.

Malamanmu suna gaya mana a fara koyarwa daga abin da yaro ya sani, a kai shi ga abin da bai sani ba. Abin da ya sani kuwa, a wurin uwarsa ya koya, tsakanin murhu da tabarma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kafin ya zo hannunmu wata ta riga ta yi shekara shida tana yi masa ban ruwa. Saboda haka ina roƙon duk wanda za a tura koyon aiki baɗi, in ya sami hali, ya ziyarci gidan ɗaya daga cikin yaran ajinsa da kaka, ya gai da uwar, ya dubi abin da aka shanya a tsakar gida. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gonarsa.