Kwalekwale a Sama, Tirela a Baya

Akwai tambayar da kusan kowane ɗalibin sakandare ya taɓa yi a zuci, musamman idan jarrabawa ta matso: wai duk wannan lissafin nauyi da gudu da ake cusa mana a darasin Fiziks, ina za mu kai shi? Mu ma mun yi wannan tambayar lokacin da muke kan kujerun da kuke kai yanzu. Amsarta ta same mu ne a wani aiki da za ku ce na 'yan dako ne, wato yadda za a kai ƙaramin kwalekwale bakin ruwa alhali motar da za ta ɗauke shi tana jan tirelar kayan zango.

Mu ɗalibai ne masu karanta ilimin halittu a jami'a, kuma a watan Janairu aka shirya mana fita ta kwana huɗu zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Wurin ba ƙaramin wuri ba ne a idon masana. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar ruwan Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Da sanyi, tsuntsayen da suka gudo daga hunturun Turai sukan sauka a can, su tarar da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Aikinmu shi ne mu ƙirga tsuntsaye, mu kuma ɗebo ruwa daga tsakiyar tafki don gwaji. Daga Kano zuwa Nguru tafiya ce ta sama da kilomita 200, kuma abin hawan da zai ɗauki kaya guda ɗaya ne: a-kori-kura mai ƙofa huɗu.

Idan mun ce tirela, kada hankalinku ya tafi kan dogayen motocin nan masu ɗaukar siminti. Tamu 'yar ƙarama ce mai taya biyu, ba ta da inji, ana maƙala ta a ƙugiyar bayan mota. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Ostireliya iyalai kan ja irinta idan za su hutu a daji ko bakin tafki, wasu ma har da gado da wurin girki a ciki. Tamu tantuna ne a ciki da tabarmi da tukwane da jarkokin ruwa da buhun shinkafa. Kwalekwalen kuwa na roba ne mai tauri, tsawonsa mita 4, nauyinsa kilo 38. Yana da tasa 'yar tirelar, amma motar ƙugiya ɗaya gare ta. Ga kaya biyu, ga ƙugiya ɗaya. Yaya ke nan?

Hanya ta farko da ke zuwa wa mutum a rai ita ce a jera su kamar taragon jirgin ƙasa: mota ta ja tirelar zango, ita kuma ta ja ta kwalekwale. A Amurka wasu jihohi sun yarda da haka bisa sharuɗɗa, wasu sun haramta. A Ingila doka ba ta bar ƙaramar mota ta ja tirela fiye da ɗaya ba. Direbanmu, dattijo ne da ya kusa shekara talatin yana tuƙi, bai ma bari an tsawaita maganar ba. Ya ce, "'Ya'yana, wutsiya ɗaya ma sai da lallashi take bin mota, balle biyu." Dalilinsa a fili yake. Kowane mahaɗi wuri ne da kaya ke iya karkacewa, kuma 'yar girgizar da ta fara a tirelar farko takan ƙaru kafin ta kai ta biyu. Ga shi kuma ba a iya yin ribas da su.

Hanya ta biyu ita ce a kifa kwalekwalen a kan tirelar zangon. Wannan ma bai yiwu ba, don ya fi ta tsawo nesa, rabinsa zai yi ta reto a baya. Saura hanya ta uku: a ɗora shi a kan ƙarafan ɗaukar kaya da ke saman motar. A nan ne malaminmu ya ce kowa ya fito da biro da takarda.

Abu na farko da muka duba shi ne littafin motar. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda a ɗora mata a ka, kuma a ƙananan motoci da yawa bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba, har da nauyin ƙarafan kansu. Kwalekwalenmu da ƙarafan sun shiga cikin iyakar da aka rubuta, amma Malam ya hana a ƙara ko da filafili ɗaya a sama. Kun tuna cibiyar nauyi da ake zana muku a allo? Duk abin da aka ɗora a sama yana ɗaga ta, kuma mota mai cibiyar nauyi a sama ta fi saurin kifewa a kwana. Shi ya sa yarinyar da ta ɗauko tulu a ka ba ta juyawa da garaje.

Mun kifa kwalekwalen, bakinsa na kallon ƙasa, don ya zauna daram a kan ƙarafan kuma kada iska ta cika cikinsa. Da damina akwai ƙarin dalili: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kwalekwalen da aka bari a buɗe zai iya tara ruwan sama da ya fi shi kansa nauyi. Muka ɗaure shi da igiyoyin bel guda biyu ta kan cikinsa, kowace ta zagaye ƙarfe, sannan igiya ɗaya daga hancinsa zuwa gaban mota, wata daga bayansa zuwa ƙasan bodi. Wata daga cikinmu ta tambaya ko igiya huɗu ba su yi yawa ba ga abin da mutum biyu ke ɗauka da hannu. Malam ya ce ta tuna da iska. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Abin da igiya ke riƙewa a gudun kilomita 40 a awa, sau huɗunsa za ta riƙe a gudun 80. Kwalekwalen da ya kuɓuce a irin wannan gudun kuwa, kan mai babur ko motar da ke biye zai faɗa. Daga ƙarshe muka ɗaura jan ƙyalle a bayansa don na baya su gani.

Akwai wani abu da ba ya tasowa sai an haɗa kwalekwale da tirela a tafiya ɗaya. Bayan kwalekwalen ya zarce bodin mota, ita kuma tirela idan aka sha kwana gabanta yakan matso kusa da gefen motar. Haka ma idan mota ta gangara kwari, hancinta ya fara haurawa, bayanta na ƙasa, kan tirela da wutsiyar kwalekwale sukan kusanci juna. Kafin mu tashi, Baba direba ya juya sitiyari har ƙarshe a filin makaranta, dama da hagu, mu kuma muna tafe a gefe muna kallon tazarar. Sai da muka tura kwalekwalen gaba da kamar taƙi biyu, muka sake ɗaurewa, sannan ya gamsu.

Loda tirelar ya fi komai cin lokaci. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken shanu ya san sirrin. Idan kaya suka taru a baya, sandar gaba takan ɗaga sama ta shaƙe shanun da karkiya. Idan suka taru a gaba, nauyin ya danne musu wuya. Tirela mai taya biyu haka take, lilo ce da ke zaune a kan tayoyinta. Abin da ake so shi ne gabanta ya ɗan fi nauyi, ya danna ƙugiyar mota. Masu jan tirela a Amurka kan ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya kamata ya sauka a kan ƙugiya, a Turai kuma sukan yi ƙasa da haka kaɗan. Mun ƙiyasta tamu da kayanta a kilo 600, don haka muka nemi kusan kilo 60. Da sikelin awon mutum da guntun katako muka auna. Jarkoki shida masu cin lita 25 kilo 150 ke nan, su muka fara jerawa a ƙasa, daidai kan tayoyi da ɗan gabansu. Katifu da tantuna suka hau sama. Muka ɗaure komai don kada ya zame baya a hanya, muka sake aunawa, allura ta tsaya kusa da 60.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma babu wanda aka tsallake. Sarƙoƙi biyu na tsaro aka giciye su a ƙarƙashin mahaɗin, yadda ko da ya fita daga ƙugiya zai faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Aka gwada fitilun birki da na sigina na tirelar, aka kai wa mai faci ya duba iskar tayoyi har da safaya. Mutum huɗu suka shiga motar tare da direba, sauran suka biyo a bas. Babu wanda ya hau tirela, babu wanda ya zauna a bodi ƙarƙashin kwalekwale.

Ba mu yi nisa da barin gari ba Baba direba ya faka, ya ce a sake jan igiyoyi, don girgizar hanya takan sassauta su a farkon tafiya. Ya yi gaskiya, biyu sun ɗan saki. Muka sake dubawa a Gumel, muka kuma dubawa a Malam Madori. Gudunsa bai wuce 70 ba ko a inda titi ya miƙe, motoci na ta wuce mu suna danna ham. Ko a Ingila, inda tituna suke sumul, mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a awa a babbar hanya, wato kusan kilomita 96, a hanyar da ba tagwaye ba kuwa mil 50. Dalilin yana cikin littafinku: idan gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi kafin mota ta tsaya ya ninka huɗu, ga kuma kilo 600 da ke turo ta daga baya.

Tsakanin Malam Madori da Birniwa muka ga amfanin duk wannan wahalar. Iskar hunturu na kaɗawa daga gefe, hazo ya rage gani, sai ga wata babbar mota ta taho da gudu ta gifta mu. Iskarta ta bugi kwalekwalen da gefen tirelar lokaci guda. A madubi muka ga tirelar ta kaɗa hagu, ta dawo dama, motar kanta ta fara amsawa. Cikin motar ya yi tsit, sai salati a hankali. Baba direba bai taka birki ba, bai kuma murza sitiyari ba. Ƙafarsa kawai ya ɗage daga totur, ya riƙe motar a miƙe. Tirelar ta sake kaɗawa sau biyu, kowanne bai kai na baya ba, sannan ta daidaita.

Da muka tsaya, ɗayanmu ya ce, "Baba, me ya hana ka taka birki?" Ya ce, "Da na taka da ƙarfi, motar za ta tsaya ita kuwa ba ta tsaya ba, sai ta naɗo ta gefe ta same mu." Malam ya ƙara da cewa da jarkokin nan shida a bayan tayoyi suke, gaban tirelar zai yi sako-sako a kan ƙugiya, kuma kaɗawar ƙaruwa za ta yi ta yi maimakon ta mutu. Kilo 150 ɗin nan dai suna nan ko ina aka ajiye su. Wurin da aka ajiye su ne ya raba tsakanin tsoro na daƙiƙa biyar da abin da ba ma fatan faɗa.

Mun isa Nguru da la'asar, muka kafa tantuna. Washegari kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa kafin ya taka kwalekwale, kuma mutum uku kawai yake ɗauka a lokaci ɗaya, biyu a ƙarshensa, ɗaya a tsakiya, kowa a zaune. Lissafin da muka yi wa tirela shi muka sake yi a kan ruwa. Wuraren da ciyawar kacala ta toshe kuwa, masuntan yankin muka bi a nasu jiragen na katako, don sun san mashigar da ba ta cikin taswira. Ranar dawowa muka wanke kwalekwalen tas, muka bar shi ya bushe, don kada mu kwashi irin ciyawa ko ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya mu kai wani ruwan.

Ƙannenmu, yawancinku ba za ku taɓa jan tirelar zango ba, mun sani. Amma za ku shiga motar kasuwa da aka tula wa buhuna a ka, za ku hau babur da kaya a baya, wasunku kuma jirgin ruwa ne hanyarsu ta zuwa makaranta ko kasuwa. Ranar kasuwa mai zuwa ku tsaya a bakin tasha ku duba da idon ɗalibin Fiziks. Ina nauyin yake, sama ko ƙasa? Gaba ko baya? Me ya riƙe shi, kuma zai iya riƙe shi idan gudu ya ƙaru? Idan amsar ba ta kwanta muku ba, ku faɗa wa babban da kuke tare da shi cikin ladabi, ko ku jira mota ta gaba. Sannu ba ta hana zuwa.