Hannu Biyu, Ruwa Ɗaya



Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Da rani, in an ƙare aikin gona, ina karantar da manya a wani ƙauye cikin ƙasar Maradi. Yau zan ba ku labarin wani darasi. Ni na koyar da shi, amma ban gane shi ba sai da ya shigo gidana.

Wata rana na kawo ƙwarya uku cikin rumfar karatu. Ta farko da ruwan randa mai sanyi. Ta biyu da ruwan zafi wanda hannu ke iya jurewa. Ta uku da ruwa mai ɗan ɗumi. Na kira wani dattijo, na ce: "Baba, sa hannun dama cikin sanyi, hannun hagu cikin zafi." Ya sa, ya ɗan jima. Sannan na ce ya tsoma su duka biyu cikin ta uku. Na tambaye shi: "Baba, ruwan nan zafi ne ko sanyi?"

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya. Ya ce: "Malam, dama ta ce zafi, hagu ta ce sanyi. Wace zan gaskata?"

To, kun gani. Ruwa ɗaya, mutum ɗaya, amma shaida biyu. Kowane hannu ya faɗi abin da ya ji, gwargwadon inda ya fito. Da an tsoma ma'aunin zafi cikin ruwan, lamba ɗaya zai nuna, ko wa ya duba.

Sai na rubuta a allo cewa magana iri biyu ce. Akwai ra'ayi, wato yadda abu ya yi wa mai magana. Akwai kuma abin da aka auna ko aka ƙidaya, wanda kowa zai iya sake dubawa ya samu daidai. In na ce "jiya an yi ruwa sosai", ra'ayina ne. In gwangwanin awon ruwa ya nuna milimita 20, wannan awo ne. Ma'anarsa, lita 20 ta zuba a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. In na ce "buhun nan da nauyi yake", ra'ayi ne, don ƙato zai ce ba nauyi. In sikeli ya nuna kilo 100, gardama ta ƙare.

Ɗalibai suka ji daɗi. Ni ma na koma gida ina jin na iya.

Da damana ta yi nisa, hatsi ya ja baya cikin rumbu, ɗiyata ta kama zawo. Watanta 14 a lokacin. Uwarta ta ce mini: "Malam, yarinyar nan ba ta yi mini ba." Na ce: "Haƙori take fitarwa. Kuma dama siririya ce, ta ɗauko kakarta." Kwana biyu ta sake magana, na sake ba ta amsa iri ɗaya.

Ashe ma'aikatan lafiya sun koya wa matan ƙauyenmu awon damtsen yara. Wani ɗan maɗauri ne mai lambobi da launi uku. Ana amfani da shi ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ana zagaya shi a damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In ya nuna tsanwa, wato milimita 125 ko fiye, damtse ya cika. In ya nuna ruwan ɗorawa, tsakanin 115 da 125, tamowa ta soma. In ya nuna ja, ƙasa da 115, tamowa ta yi tsanani, sai a tafi gidan likita ba da jinkiri ba.

Uwargida ta auna. Ja ne, 112. Na ce ta matse da yawa. Na karɓa na auna da hannuna. 112. Na kira matar maƙwabcina, ita ma ta auna. 112. Hannu uku, lamba ɗaya. Bakina ya mutu.

Da asuba muka hau amalanke zuwa gidan likita. Aka ɗora ta a sikeli, aka duba ta, aka ce tamowa ce. Aka ba mu magani da abincin nan na gujiya da madara da ke cikin ɗan ƙunshi. Kowane mako muna komawa awo. Sannu a hankali maɗaurin ya bar ja, ya bi ta ruwan ɗorawa, ya kai tsanwa. Yau tana gudu cikin gida. Alhamdu lillahi.

Na zauna na tambayi kaina: mi ya rufe mini ido? Abu biyu ne. Na farko, kullum ina ganinta, kuma ido ba ya kama ramar da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Na biyu, kunya. Ina yaro a 2005, shekarar da yunwa ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farar 2004, na ga mata da yawa suna kai ƴaƴansu wurin jinyar tamowa. Na ɗauka ciwon gidan wasu ne. Zuciyata ba ta so a ce ɗiyar malam tana da shi. Abin da nake so ya zama, shi na faɗi kamar shi ne gaskiya. Na zama hannun da ya fito daga ruwan zafi.

Amma kada ku ce ra'ayi banza ne. Ku tuna, zuciyar uwa ce ta fara kuka kafin a ɗauko maɗauri. Ra'ayinta ya kai ta ga awo, nawa ya hana ni. Kuma akwai abubuwan da ba su da ma'auni. Ba sikelin da zai auna daɗin fura, ko zafin da uwa ke ji in ɗanta ya kwanta. A nan kowa da nasa, ba a yi wa mutum gardama.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne. Sai dai in rai ne, ko abincin shekara, ko kuɗi, a bar ido ya yi nuni, mudu ya yanke hukunci.

Saboda haka, in kun ji magana a kasuwa, ko a radiyo, ko daga bakina, ku yi tambaya uku. An auna? An ƙidaya? In wani ya sake aunawa, zai samu daidai? In amsa i ce, ku riƙe. In a'a ce, ku saurara da ladabi, amma ku san ra'ayi ne.

Don haka muke zaune a rumfa muna koyon lambobi. Matar da ta iya karanta 112 ta ceci ɗiyata, ranar da malami ya kasa.

Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka. Amin.