Tanderun da ya jira wuta

A farkon 2023 wata ma'aikaciyar gwamnati da ke zaune a Yantala ta sayi ɗan tanderun lantarki mai soya kaza da iska mai zafi, cokalin mai guda ya wadatar. Ba don gayu ba: likita ne ya hana maigidanta maiƙo. Uwar miji ta ɗanɗana, ta ce naman ba ya ƙamshin wuta.

A watan Agusta, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Tanderu ya koma kan kabad, lulluɓe da zane. Da magariba sai ga ma'aikaciyar tsugune tana fifita gawayi, tana gasa kaza ba mai, tsohuwa na cewa: "Juya ta, ɗiyata, za ta ƙone."