Inda Ruwa Ya Janye

Muna sakandare a Kankiya malamin labarin ƙasa ya gaya mana cewa a bakin teku ruwa kan janye sau biyu kowace rana, ya bar rairayi a fili na 'yan sa'o'i kafin ya komo, wai wata ne ke jansa. Ban taɓa ganin teku ba, amma ban sha wuyar ganewa ba. Mu a Ƙofa ruwanmu sau ɗaya yake janyewa a shekara, kuma ba ya gaggawar dawowa.

Da kaka ta yi, ƙoramar da ke bayan gonar kakana sai ta tsinke, ta bar gurabe nan da can. Akwai wata kwana da gaɓa ta yi tsawo, wata tsohuwar kanya ta rufe ta, ko hunturu bai cika samun hanyar shiga ba. Nan muke yini ni da yayana. Yashin wurin fari ne tas, da safe sanyi kamar randa, kuma duk abin da ya zo shan ruwa cikin dare sai ya bar mana shaida: sawun zalɓe, jan cikin maciji, wani lokaci sawun dila. Mukan tsinci makankari mu kai wa Inna ta kankare tukunya. Ran da yayana ya fasa busasshen taɓo ya zaro gaiwa da ranta, na ruga gida da kuka, ina tsammanin aljani ya tono.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan bai tafi duka ba. Kakana kan durƙusa ya tona kamu ɗaya, ya jira, sai ga shi yana tsattsafowa garau. Yashin ne ke ɓoye shi daga rana har damina ta kewayo.

Bara na koma da ɗana, na yi masa alkawarin zai sha ruwan da ya tono da hannunsa. Muka tarar da sawun tifa har gindin kanyar, saiwoyinta a waje. An kwashe yashin an kai gidajen bulo. Ban iya zagin masu lodin ba, domin biyu daga cikinsu tare muka yi makarantar allo, kuma da yashin nan na gina ɗakina.

Yaron ya durƙusa yana tono. Ya kai gwiwar hannu, ya ci karo da laka mai tauri. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, in ƙara?"