Tsintsiya Kafin Carbi

 

Daren jiya ƙanena da yake karatu a Indiya ya turo mini hotunan wani gida da ya ziyarta a birnin Ahmadabad, a bakin kogin Sabarmati. Irin wannan gida ashiram suke ce masa, wato inda mabiya addinin Hindu suke tarewa ƙarƙashin wani jagora don horar da zuciya. Wannan na Mahatma Gandi ne, ya zauna a cikinsa daga 1917 zuwa 1930. Ɗakuna ne babu ado, sai shimfiɗa da abin kaɗin auduga. A zamaninsa mazauna gidan tun kafin alfijir suke tashi, su yi addu'a tare, kowa ya yi kaɗi, kowa ya yi shara, har wankin masai, aikin da a al'adarsu aka bar wa waɗanda ake ƙyama.

Aƙidarmu da tasu hanyar jirgi daban, ta mota daban. Amma ina ganin hotunan sai zuciyata ta tafi wani zaure a garinmu Tarai.

Shekarar da jarina ya karye a Kano na dawo gida, ga bashi, ga rashin barci. Na je wurin wani dattijon malami, muƙaddamin Tijjaniyya mai almajirai, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, wuridi nake so wanda zai sanyaya mini zuciya."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, ga tsintsiya can. Gobe ka riga kowa zuwa."

Haka na yi damina guda a wurinsa. Kafin kiran assalatu na share zaure da masallaci, na jawo ruwa a rijiya na cika randuna da butoci. Bayan asuba manya su zauna lazimi: istigfari 100, salati 100, hailala 100, kolaye kuma suna gefe da allunansu. Rana na ɗagawa sai gonar Malam, mu bi kunyoyin gero da dawa, duwatsun ƙasar Rano suna hango mu. Bayan azahar a buɗe Ahalari da Iziyya. Da magariba a shimfiɗa farin ƙyalle a yi wazifa, ranar Juma'a kuma zikiri daga la'asar har faɗuwar rana. Tuwon dawa da miyar kuka a kwano ɗaya muke ci, gardi da kolo da baƙo, ba a ware wa kowa nasa.

Gajiyar jiki ba ta dame ni ba. Abin da ya girgiza ni shi ne ranar da wani da ya san ni lokacin ina da shago ya gan ni da jarka a ka. Bai ce komai ba, gaisawa kawai muka yi, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da daddare na faɗa wa Malam. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan da ya ji zafin, shi muke nema. Ciwonka ke nan, ba karyewar jari ba."

Daga ranar na gane girman kai yana iya ɓuya a cikin carbi, mutum yana ja yana jin ya fi wasu. Tsintsiya kuwa ba ta da wurin ɓuya. Shi ya sa masu tarbiyya ba sa raba zikiri da hidima. Ku duba zawiyoyin da suka bunƙasa a Kano bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass a aikin hajjin 1937, ku leƙa Gidan Ƙadiriyya na Shehu Nasiru Kabara, za ku tarar da attajiri yana jera takalman mutane, malami yana raba ruwa.

Sauyin bai zo mini dare ɗaya ba. Wata rana dai na lura ina barci har lokacin tashi shara. Wata rana na iske kaina a ƙofar mai bina bashi, da ƙafata na je, na roƙi lamuni ido cikin ido. Kafin a yanke gero na daina sauya hanya in na hango wanda ya san ni a da.

Ba kowa ne zai samu damar barin iyali ya tare a zaure ba, kuma ba sai an yi hakan ba. Duba cikin gidanka ko masallacin unguwarku, wane aiki ne kake ganin ka fi ƙarfinsa? Wanke wa mahaifiyarka kaya? Kwashe kwata? Fara da shi, ka saurari abin da zuciyarka za ta ce maka.

Malam ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na koma kasuwa, na biya bashina. Amma duk Juma'ar da na kwana Tarai, ina ƙoƙarin in riga yara zuwa wurin tsintsiyar nan, don na san ciwon yana iya dawowa.

Allah Ya tsarkake mana zukatanmu. Amin.