Yadda Kaji Ke Sabawa da Akurki

Ɗan tsakon da uwarsa ta ƙyanƙyashe a gida ba ya buƙatar a nuna masa hanyar akurki. Kwana 21 take yi a kan ƙwai, bayan sun fito kuma ita ke jan su zuwa makwanci kowace yamma har su yi ƙwari. Wahalar tana ga waɗanda aka sayo a kasuwa, ko na inji da aka raina cikin kwali ƙarƙashin fitila. Su ba su da uwa, sai mai kiwo ya tsaya a madadinta.

Abin da kiwo ya fara koya mini shi ne kora ba ta shigar da kaza akurki. Yara su zagaye tsakar gida da tsintsiya, kaji su watse, wata ta haye katanga, wata ta maƙale a bayan rumbu. Ko an kama su a daren, gobe sai sun fi gudu, domin hannun da ke faɗo musu daga sama ba su bambanta shi da shirwa ba. Shi ya sa nake tsugunawa idan zan ba su abinci, in buɗe tafina da gero, in jira. Mai ƙarfin hali za ta fara zuwa, saura su biyo ta. Idan aka samu gara kuwa, abin ya fi sauri, don ban ga tsakon da ke ƙin ta ba.

Sababbin kaji nakan rufe su a akurki kamar mako guda, da ruwa da dusa, kafin in sake su. Inda kaza ta saba kwana, nan ƙafarta ke mayar da ita. Daga nan sai in ajiye geron yamma, ba na watsa shi ko'ina sai cikin akurki, gab da magariba, da kira iri ɗaya kullum.

Akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Kaza ba ta gani sosai idan duhu ya shiga, cikin akurki kuma yakan riga tsakar gida yin duhu. Sai ka ga tsaki sun taru a bakin ƙofa suna kuka, sun ƙi shiga. Ƙaramar tocila da aka rataya a ciki ta isa ta jawo su. Suna kuma son wuri mai tudu, in babu sanda a gitta musu sai su nemi reshen dalbejiya. Wadda ta riga ta hau, nakan bar ta sai bayan isha'i ta lafa, in ɗauko ta da hannu biyu a kan fikafikai, in ɗora ta a sandar. Bayan 'yan darare da kanta za ta je.

Idan kuwa kajin da suka saba shiga suka fara ƙi, ba na zarginsu da taurin kai. Akurkin nake dubawa. Ko ƙuma ta cika shi tana shan jininsu da dare, ko rufin kwano ya ɗauki zafin bazara, ko ɓera ko maciji ya samu kafa. In share, in barbaɗa toka, in toshe rami, in buɗe wa iska hanya ta sama inda muzuru ba zai iya kutsawa ba.