ƘASAR TAILAN: Yadda Baƙon Da Ba Ya Cin Nama Yake Neman Abinci

Da wuya a sami magidanci a Nijeriya wanda bai taɓa jin sunan ƙasar Tailan ba, domin kuwa shekaru da dama buhunan shinkafarta sun cika kasuwannin ƙasar nan tun daga Legas har Kano. Amma kaɗan ne suka san yadda mutanen can suke cin tasu shinkafar. Wadda suke aikowa Afirka galibi turararriya ce, watau an turara ta kafin a cashe, alhali kuwa wadda suke ji da ita a gida wata ce mai ƙamshi da laushi da suke kira hom mali. Saboda girman shinkafa a wurinsu, idan mutum zai ce wa ɗan'uwansa zo mu ci abinci, sai ya ce zo mu ci shinkafa, ko da kuwa taliya ce a kwanon.

Baƙon da ya sauka Bankok, babban birnin ƙasar, ya zaga kasuwanninta da ke gaɓar kogin Chao Phraya, zai yi zaton ya zo aljannar masu cin ganye. Ga gwanda, ga mangwaro, ga abarba, ga kwakwa, ga ganyaye iri-iri waɗanda ko sunansu bai taɓa ji ba. Ga kuma awara, wadda su a can tsohon abinci ce da Sinawa suka kawo musu. To, amma ba a nan gizo yake saƙa ba.

Akwai waɗansu mutane, kuma kullum ƙaruwa suke yi a cikin matafiya, waɗanda suka haramta wa kansu duk wani abin da ya fito daga jikin dabba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, kai har zuma ba su sha. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Donald Watson shi ne ya ƙaga musu sunan vegan a shekarar 1944. Waɗansu tausayin dabbobi ya sa su, waɗansu neman lafiya, waɗansu kuwa addini. Bayan su akwai waɗanda ba zaɓi suka yi ba, jikinsu ne ba ya karɓar kifi ko jatan lande, da sun ci sai kumburi da sarƙewar numfashi. Irin waɗannan mutane su ne suke shan wuya a Tailan, ga abinci har abinci a gabansu amma ba damar kai hannu.

GISHIRIN ƘASAR KIFI NE

Dalili kuwa shi ne, mai girki a Tailan ba ta cika ɗibar gishiri ta barbaɗa a tukunya ba. Gishirinta wani ruwa ne ja-ja mai suna nam pla. Yadda ake yin sa, ana zuba ƙananan kifayen teku a manyan randuna ko kwatamai na siminti, a bi su da gishiri hawa-hawa, a rufe har shekara guda ko fiye, sa'an nan a tsiyaye ruwan a ɗura a kwalabe. Babu ɗakin girkin da ba shi, kuma ko a kan teburin mai sayar da abinci akwai shi a ɗan kasko da yankakken barkono a ciki. Na biyunsa shi ne kapi, wanda ake yi da mitsi-mitsin jatan lande da gishiri, a shanya, a kirɓa, a bar shi ya kwana biyu har ya yi wari. Matsayinsa a miyarsu kamar matsayin daddawa ne a miyar kuka. Na uku wani romo ne mai kauri da ake yi da wata halittar teku mai ɓawo, shi ake zubawa idan ana soya ganye.

Saboda haka idan baƙo ya ce kada a sa masa nama, mai abincin za ta yi murmushi ta amsa, ta kuma cika alkawari iyakar fahimtarta. Za ta tsame naman, ta ƙara masa ganye, sa'an nan ta ɗauko kwalbar nam pla ta tsiyaya. Ba ha'inci ta yi ba. A wurinta wannan ba kifi ba ne, kayan miya ne, kamar dai yadda uwargida a nan ba za ta lissafa dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza a cikin nama ba.

A ɗauki shahararren abincin nan nasu pad thai, watau taliyar shinkafa da ake soyawa da tsamiya da awara da dakakkiyar gyaɗa. Gwamnatin Firayim Minista Phibun Songkhram, wanda a zamaninsa aka sauya sunan ƙasar daga Siyam zuwa Tailan a 1939, ita ce ta yayata shi har ya zama abincin ƙasa. A ido, abinci ne na mai cin ganye. A cikinsa kuwa akwai ƙwai, da busasshen jatan lande, da nam pla. Haka som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi da barkono da lemon tsami da tumatir da wata irin mazarƙwaila ta ruwan kwakwa ko na wata bishiya 'yar'uwar giginya. Shi ma sai da ruwan kifi, kuma mutanen Isan na arewa maso gabas, waɗanda asalin abincin nasu ne, sukan ƙara masa ƙaguwa da pla ra, watau kifin rafi da aka tsima da gishiri da dusar shinkafa wata da watanni. Shi wannan da sauƙi, tun da a gaban mutum ake haɗa shi, yana iya tsayawa kan turmin ya hana. Sai dai turmin nan ɗaya ne tun safe, ba kuwa wanke shi ake yi tsakanin mai saye da mai saye ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne miyar nan tasu ta madarar kwakwa, da koriya da ja. Tun a wajen niƙa kayan miyar aka haɗa da kapi, sau da yawa ma a kasuwa aka sayo shi a haɗe, don haka ko mai girkin ta so ta taimaka ba yadda za ta yi.

TUTA MAI RUWAN ƊORAWA

Wani zai ce, ashe ba ƙasar mabiya addinin Buddha ba ce? Haka ne, fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta shi suke bi. Amma ɗariƙar Theravada da ake bi a can ba ta hana cin nama ba. Sufayensu da suke fitowa da asuba da ƙoƙon bara suna karɓar duk abin da aka zuba musu, muddin dai ba su gani ba, ba su ji ba, ba su kuma yi zaton dominsu aka yanka dabbar ba.

Mafitar baƙo daga wajen Sinawan ƙasar ta fito. Akwai kalmomi biyu da ya kamata ya rarrabe. Ta farko mangsawirat, ma'anarta barin nama kawai, ana iya sa ƙwai da madara, wani lokaci ma hannu ya kuskure wajen nam pla. Ta biyu je, ita ce mai tsanani. Abincin je ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba giya, har wa yau ba tafarnuwa da albasa da waɗansu danginsu biyu, da kuma taba, saboda masu wannan aƙida suna ganin abubuwa masu ƙarfin wari suna tayar da sha'awa da fushi. Alamar gidan da ake sayar da shi ita ce 'yar tuta mai ruwan ɗorawa da jan rubutu, wanda a idon baƙo yake kama da lamba 17. Duk inda ya ga wannan tuta ya shiga ya zauna ba sai ya yi dogon bayani ba.

Inda babu tuta kuwa, sai baki ya yi aiki. Kin je, watau ina cin je. Mai sai nam pla, kada a sa ruwan kifi. Mai sai khai, kada a sa ƙwai. A nan sai an yi hattara, domin harshensu yana da karin sauti har biyar, kuma tsakanin khai, ƙwai, da kai, kaza, ɗan hucin numfashi ne kawai. Bahaushe da ya saba rarrabe kai da ƙai ba zai sha wuya kamar Bature ba, amma duk da haka abin da ya fi shi ne a sami wani ɗan ƙasa ya rubuta a takarda da haruffansu, a riƙa nunawa. Matambayi ba ya ɓata.

Gidajen je ba na alfarma ba ne. Yawancinsu 'yan shaguna ne a lungu kusa da kasuwa ko ɗakin ibadar Sinawa, an jera farantai a bayan gilashi, mutum ya nuna biyu ko uku a zuba masa kan shinkafa. Da sassafe suke buɗewa, kafin la'asar da yawa sun tashi, don haka wanda ya yi sake har dare yana iya kwana da ayaba. Dole kuma a faɗi gaskiya: abincin da aka hana wa tafarnuwa da albasa da ruwan kifi ya rasa wani abu. Masu dafa shi sukan cike giɓin da mai da sukari da ruwan waken suya mai gishiri, su kuma ƙera naman ƙarya da alkama da awara da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, har da siffar agwagwa da kifi. Baƙo zai ƙoshi, hankalinsa kwance, amma ba lalle ne ya ɗanɗani abin da ya sa girkin Tailan ya yi suna a duniya ba.

Akwai kuma wata ƙungiya ta 'yan Buddha mai suna Santi Asoke, wadda ta ɓalle daga shugabannin addinin a shekarun 1970, ta kuma ɗora wa mabiyanta barin nama. Mashahurin cikinsu shi ne Manjo Janar Chamlong Srimuang, wanda ya yi gwamnan Bankok daga 1985 zuwa 1992. Mabiyan ƙungiyar sun buɗe gidajen abinci masu araha ƙwarai, har da wanda aka sani da sunansa kusa da babbar kasuwar Chatuchak.

KWANA TARA NA FARAREN KAYA

Wanda ya taki sa'a ya zo a farkon wata na tara na kalandar Sinawa, wanda yakan faɗo ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, to, shi kam kakarsa ta yanke saƙa. Kwana tara ake yi ana bikin cin je. Titin Yaowarat, unguwar Sinawan Bankok, yakan cika da tutoci masu ruwan ɗorawa, masu sayar da abinci da yawa su ajiye nama, har kantunan 7-Eleven su fito da kayan da aka manna wa alamar. Mutane kan sa fararen kaya, farashin ganye kuma ya tashi a kasuwa.

Cibiyar bikin ita ce tsibirin Puket da ke kudu. A ƙarni na 19 Sinawa suka yi ta kwarara can aikin haƙar kuza, irin wadda aka sani a Jos. Labarin da mutanen tsibirin suke bayarwa shi ne, wajen shekarar 1825 wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo daga ƙasar Sin ta zo garin Kathu, zazzaɓi ya kwantar da su, sai suka bar cin nama suka duƙufa ibada, suka warke, daga nan jama'a suka ɗauka. A kwanakin nan titin Ranong, kusa da ɗakin ibada na Jui Tui, ba masaka tsinke don rumfunan abinci. Sai dai bikin ba na mai raunin zuciya ba ne. Akwai waɗanda ake kira ma song, masu hawan iska kamar 'yan bori, waɗanda suke huda kumatunsu da tsinkayen ƙarfe da takubba suna zaga gari, ana ta fasa abin wasan wuta har kunne ya toshe.

Musulmin matafiyi shi ma yana da ruwa a wannan magana, domin naman alade ya ratsa girkin ƙasar: a romon taliya, a man suya, har a cikin abin da aka kira soyayyen ganye. A Bankok da lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat, inda Musulmi suka fi yawa, gidajen abinci masu tambarin halal ba su da wuyar samu. A ƙananan garuruwan arewa kuwa, wani lokaci tutar nan ita ce abin da ya fi kusa da kwanciyar rai, tun da ba nama ba giya a tukunyar.

DADDAWAR AREWA

Daga Bankok zuwa Ciyang Mai kimanin kilomita 750 ne a jirgin ƙasa, tafiyar awa 12 zuwa 13, kuma tun daga 2023 jiragen dogon zango suna tashi ne daga sabuwar tashar Krung Thep Aphiwat. Mai wannan tafiya gara ya yi guzuri. Birnin, wanda Sarki Mangrai ya kafa a 1296, yana cikin wuraren da suka fi sauƙi ga mai gudun nama a duk ƙasar, saboda baƙi sun yi yawa har an sami gidajen da suke niƙa kayan miyarsu da kansu ba tare da kapi ba, kuma su ba su bar tafarnuwa ba. A irin waɗannan ne mutum zai sha miyar kwakwa mai ɗanɗanonta na ainihi, ko da yake kuɗinta ya ninka na kasuwa.

Abincin gargajiyar arewa cike yake da alade, amma a cikinsa akwai wani abu da zai ba Bahaushe mamaki. Da yake yankin yana nesa da teku, mutanensa da maƙwabtansu 'yan ƙabilar Shan na lardin Mae Hong Son sun daɗe da nasu abin sa wa miya, sunansa thua nao, watau ruɓaɓɓen wake. Ana dafa waken suya har ya yi laushi, a zuba a kwando da ganye a rufe kamar kwana uku, a kirɓa, a faɗaɗa shi faifai-faifai a shanya a rana. In za a yi miya sai a gasa ɗaya a kan wuta a daka. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan da ake daddawa ba sai an gaya masa ko mene ne ba, hancinsa zai sanar da shi. Masana sun tabbatar da cewa ƙwayar halittar da take nuna shi, Bacillus subtilis, ita ce dai take nuna kalwa ta zama daddawa. Ana samun sa a ɗaure a kasuwar Warorot da ke bakin kogin Ping.

Wajen kayan zaƙi kuwa baƙo yana iya sakin jiki, domin yawancinsu da madarar kwakwa ake yi, ba ta shanu ba, in ban da waɗansu masu launin zinariya da ake yi da gwaiduwar ƙwai, waɗanda aka koya daga Turawan Fotugal. Akwai shinkafa mai danƙo da ake ci da nunannen mangwaro, wadda ta fi daɗi a watannin Afrilu da Mayu lokacin da mangwaro ya faɗi. Akwai kuma khanom krok, ƙullun shinkafa da kwakwa da ake toyawa da safe a bakin titi cikin kasko mai ramuka, tanda sak, a fitar da su 'yan ƙanana kamar waina, a kifa biyu-biyu a miƙa wa mai saye da zafinsu. Mai bin dokar je sosai sai ya duba samansu, domin wani lokaci akan barbaɗa ɗan ganyen albasa.